Tabkin da Na Hana a Cike

Gadon da ubana ya bari bai da yawa. 'Yan'uwana maza sunka ɗauki gonakin tudu, sunka bar mini gonar shinkafa ɗaya a fadamar da ke ƙasa da Argungu, da wani tabki a gindinta. Suna ganin sun yi mini wayo. Ni kuwa na fi su sanin abin da ke cikin laka.

Duk shekara in gulbi ya cika ya tumbatsa, tabkin nan ne ke fara sha kafin ruwa ya taɓa shinkafa. Kifi na biyo ruwan, ya shige cikin ciyawar burugu ya zuba ƙwai. In ruwa ya fara janyewa, sai 'ya'yan kifi su maƙale a kududdufan gona, rana na dafa su. Aikinmu ne mu mata mu bi da ƙorai muna kwasowa, tarwaɗa da karfasa da ba su kai yatsa ba, muna juyewa cikin tabki. Ba a ci, ba a sayarwa. Da rani kuma, in ko'ina ya bushe, Fulani na kawo shanu su ci burugu, belbelu na biye da su suna tsince fara da tsutsa har cikin albasata. Rijiyoyin unguwarmu ba su taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da na tudu sunka koma yashi.

Ɗana na fari ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, yana zaune unguwar Gesse da iyalinsa. Kamar kowace uwa ta wajenmu, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na doguwar magana da shi. In ya zo gaisuwa, yana daga bakin ƙofa, ina amsawa fuskata na duban bango. Abin da nake so ya sani, ƙanwarsa ke kai masa. Ta bakinta ya aiko cewa noman rani ya yi daraja, a bar shi ya cike tabkin da ƙasa ya shuka shinkafa, ya kafa injin ban ruwa. Ta bakinta na mayar masa cewa a'a. Ina jin ta tausasa maganar a hanya, ko kuma shi ne ya dogara da cewa ba zan iya buɗe baki gabansa cikin mutane ba.

Wata Asabar da hantsi, ana tsakiyar bazara, maƙwabciyata ta shigo tana haki ta ce ga katafila can ta gangara fadama. Na ɗauki fartanya na bi sawun tayar. Na iske ruwan tabkin ya koma tsakiya kamar kullum a irin wannan lokaci, gefensa duk laka ta tsattsage. Maza sun taru suna kallo, ɗana na tsaye da takalmi mai sheƙi yana nuna wa direba inda zai fara. Na wuce su na zauna a ƙasa gaban bakin ƙarfen katafilar.

Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, kauce mana, wanga abu bai da ido."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna. Shi bai da ido, kai ma naka ka baro gida?"

Mutane sunka yi dariya. Ɗana ya matso, ya durƙusa nesa kaɗan, ya rage murya. "Inna, don Allah ki koma gida. Mataccen wuri ne, sauro kaɗai ke amfana da shi. Dubi ƙasar, ko ciyawa babu."

Shekara arba'in da wani abu ban dube shi ido cikin ido ba. Ranar na dube shi.

Na ce, "Kai. Zo nan."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi," ya kawar da kai, don ya san abin da na keta. Na miƙa wa ɗana fartanya, na nuna masa wani ɗan rami a busasshiyar laka, bai fi faɗin yatsa ba. Na ce ya tona, a hankali. Ya naɗe hannun riga ya fara tono. Bai kai kamu biyu ba sai ga dunƙulen laka. Na karɓa na fasa shi a gwiwata. Gaiwa ce a ciki, kifin nan na laka, ta naɗe jikinta tana barci, tana jiran damina kamar yadda irinta ke yi. Da iska ta taɓa ta sai ta yi ɗan gurnani ta motsa wutsiya. Direban ya yi baya har hularsa ta faɗi.

Na ce, "Ga mataccen wurin naka. Ko'ina ka taka nan akwai mai rai ƙarƙashin takalminka. Ka cike wanga rami, in gulbi ya taso ina zai zauna? Ɗakinka na Gesse? Je ka tambayi waɗanda sunka cike nasu can gaba, su hwaɗa maka inda shinkafarsu ta kwana bara."

Ya ce, "Inna, gaban jama'a?"

"Gaban jama'a ka kawo ƙarfe."

Ɗana ya miƙe tsaye. Ya karkaɗe gwiwarsa ya nufi motarsa. Direban ya ce shi dai ba ya taka tsohuwa, ya juya katafilarsa. Na kai gaiwar cikin ragowar ruwan na sake ta, ban bar wurin ba sai da ƙarar inji ta ɓace.

Amma na san ba a gama ba. Ni tsohuwa ce. Ranar da anka ɗauke ni zuwa kushewa, ba a cika kwana bakwai ba ƙarfen nan zai dawo, kuma ba mai zama gabansa. Saboda haka bayan sallar Juma'a ta makon na aika a kira mini mai unguwa da liman da shaidu biyu. Na ce gona tawa ce, 'ya'yana su gada. Tabki kuwa na bayar da shi sadaka ga mutanen unguwa da masu kiwo, bisa sharaɗin kada a cike, kada a yi masa feshin maganin ciyawa, kada a sa inji a zuƙe shi. Liman ya tambaye ni har sau uku ko da hankalina nake magana, ko fushi ne. Na ce duka biyun. Anka rubuta, anka karanta mini, na dangwala yatsa.

Ɗana bai zo ƙaramar Sallah ba, bai zo babba ba. Matarsa yake aikowa da yara da buhun masara. Ina karɓa, ina sa albarka, ina tambayar lafiyarsa. Ƙanwarsa ta ce in na janye takardar zai zo da kansa ya ba ni haƙuri. Ba zan ɓoye ba, duk motar da ta tsaya ƙofar gida sai na kasa kunne in ji ko sallamarsa ce. Na ce ta gaya masa ƙofata a buɗe take duk ranar da ya ga dama, amma abin da na bayar ya bar hannuna, ko ni ba ni da ikon karɓo shi.