Ranar da Baba ya ce in kashe AC

Mun wuce Sandamu ke nan, za mu asibiti a Daura, sai Baba ya taɓa kafaɗata daga kujerar baya.

"Habu, kashe sanyin nan."

Abin ya ba ni mamaki, don saboda shi na kai motar gyara ana gobe tafiyar. Aka zuba wa AC gas, aka wanke matatar iskar da ƙura ta toshe. Mai gyaran har yana ja mini kunne kada in sauke gilashi alhali yana kunne. Ga zafin ƙarshen bazara, ga Baba numfashi da ƙyar.

Na ce, "Baba, zafi zai ƙara maka ciwo. Ko in rage ne?"

Ya ce, "A'a, kashe, ka sauke gilashin. An yi yayyafi a gabas, ƙanshin ƙasa nake so in ji. Ban sani ba ko da ni za a yi shukar bana."

Na kashe. Iska mai ɗumi ta cika motar. Ya jingina da ƙofa yana kallon masu sharar gona, yana nuna mini inda gero zai yi kyau da inda sai gyaɗa. Ni dai tuƙi nake.

Kafin gero ya tsiro Allah Ya karɓi abinSa.

Mukan dage mu ba iyaye abin da mu muke gani hutu ne, ba mu tambaye su ba. Ku sa Baba a addu'a. Ku fa, yaushe rabon da ku tambayi naku me suke so?