Tulin Kashin Maƙera da Muka Zubar a Rafi

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da wani Bature ya tsuguna a jujin maƙerarmu ba. A Akurba muke, Turawa ba su daɗe da zuwa Lafiya ba, ni kuma ban fi shekara da aure ba. A bayan maƙerar akwai wani tuli na kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama, tun na kakanninmu. Babu mai kula shi sai awaki.

Baturen ya ɗauki dunƙule ɗaya yana juyawa, har da shinshinawa. Ya tambayi sunan abin. Baffana, wanda shi ne babban maƙerinmu, ya faɗa masa da ƙyar, shi kuma ya rubuta.

Tafintansa ya ce, "Wai su silag suke ce masa. Wai asalin kalmar daga duka ne, abin da ke zuba in an doki ƙarfe. Ya ce shi ma ubansa maƙeri ne."

Suna ba da baya Baffa ya ce, "Kai, ka ji ƙarya! Wa zai ƙetaro teku don ya ji sunan juji? Kuza yake nema. In ya samu, filin nan ya tafi ke nan."

Ni na ma fi shi zafi, don fatake sun sha ba mu labarin garuruwan da aka tashi mutane saboda kuza. Kuma ni na kawo shawarar, Allah ya yafe mini. Baturen na tafiya rangadi Assakio, mu da matanmu muka kwashe tulin kaf da kwanduna, muka zubar a rafi, muka share wurin tas. Da ya dawo ya tsaya yana kallon fili, ya girgiza kai, ya wuce. Muka yi ta dariya, wai mun yi wa Bature wayo.

Bayan damina uku wani attajiri ya ce filin na ubansa ne, mu aro aka ba mu jiya jiya. Alƙali ya tambaye mu, "In kakanninku sun yi ƙira a nan, ina tulinsu?"

Baffa ya juyo ya dube ni. Wannan kallon har yau yana ci min rai. Haka muka kwashe uwar maƙera da zugazugai muka bar wurin.

Tun daga ranar, in zargi ya cika min ciki, ba na taɓa komai sai na bincika. Mutumin nan sunan juji kawai ya tambaya, mu kuma muka kai shaidarmu rafi da kawunanmu.