Maliki da Motar Kuran

Shekara talatin da ɗaya Malam Maliki ya yi yana tuƙi a gidan Hajiya Zainabu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi. Ya tuƙa mijinta har Allah ya yi masa rasuwa, ya kai 'ya'yanta lakkol, wato makarantar boko, shi ya koya wa autanta Abdu tuƙi a wani fili bayan Sabon Gari. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa cika tanki ba, mai kuma bai taɓa ƙare masa a hanya ba. Haka direbobin garin suke. Duk inda ka juya akwai ɗan ruwa-ruwa, mai sayar da mai a bakin hanya, da kwalaben isansi, wato fetur, jere kan tebur. In allurar mai ta kwanta, sai ka tsaya a zuba maka kwalba biyu ka wuce.

Abdu ne ya kawo motar kuran, wato mai aiki da wutar lantarki, bayan ya gama karatun injiniya. Babba ce, mai tsayi daga ƙasa, ba ta da ƙara ko kaɗan, in ka taka ta kuwa sai bayanka ya manne da kujera. Ya nuna wa mahaifiyarsa cewa kuran na jika bakwai, wato sefa dubu bakwai, yana kai ta inda tsohuwar motar ke zuwa da isansin jika ashirin da 'yan kai. Shi yake jona ta da kuran a gareji kullum da hannunsa. Bayan wata huɗu ya kwanta ciwo. Kwana tara ya yi, ya rasu.

Hajiya ta ce ba za a sayar da motar ba. Ƙanenta Idirisa yana so a sayar, in ma an ƙi, to a nemo direba mai jini a jika. A gaban Maliki ya faɗa.

"Yaya, wannan fa waya ce mai taya huɗu. Malam Maliki ko saƙo aka aiko masa sai an karanta masa."

"Ranar da ka ɓata a hanyar Dakoro wa ya karanta maka hanya?" in ji Maliki.

Hajiya ta ce ya isa. Za ta ga tuƙinsa zuwa ƙarshen wata, sannan ta yanke.

Saura kwana shida wata ya ƙare, wata Laraba cikin zafin Afrilu, ta ce za su Tibiri gaisuwar mutuwa, daga nan su wuce garkarta, wato lambunta na zogale, a Jiratawa. Kwana biyu ke nan kuran yana zuwa yana tafiya, Maliki kuma bai damu ya jona motar ba. Allon gabanta ya nuna saura kilomita saba'in. Ya ƙiyasta tafiyar duka ba ta wuce hamsin ba. A ganinsa wannan wadata ce.

A Tibiri Hajiya ta shiga cikin gida. Tun zamanin marigayi Alhaji, Maliki ya san abu ɗaya: direban kirki ba ya barin mai mota ya shiga mota da zafi. Ya bar kilim, na'urar sanyaya mota, a kunne, ya koma ƙarƙashin itacen bedi wajen sauran direbobi. Ya zaci minti ashirin ne. Da tsohuwar mota ce, da ƙarar inji ta tuna masa. Wannan shiru take. Sai bayan azahar Hajiya ta fito, awa uku cur, ta tarar da mota kamar randa. Allo ya nuna talatin da bakwai.

Hanyar Jiratawa ta cikin Maraɗi take bi. Sun wuce kusa da gida da saura ashirin da biyar. Ya yi niyyar magana, ya tuna da bakin Idirisa, ya ci gaba da tuƙi. Sha biyu zuwa, sha biyu dawowa. Ban da haka, duk motar da ya sani in ta ce mai ya ƙare, akwai 'yan litoci da take ɓoyewa.

Daga gudron, wato kwalta, zuwa garkar rairayi ne. Tafiyar ba ta kai kilomita uku ba, amma ta ci bakwai. Da ya tsaya, allo ya ce shida.

Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari. Da ya ce batirin ne ya lalace, Hajiya za ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba. Idirisa zai samu hujjar sayarwa, a fito da tsohuwar mota daga rumfa, shi kuma ya ci gaba da aikin da ya iya. Ya fito ya same ta tana duba buhunan da Maidawa, mai kula da garkar, ya tara.

"Hajiya, motar ba za ta kai mu gida ba."

"Ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau. Ni ne ban jona ta ba, kuma na bar kilim awa uku a Tibiri."

Ta dube shi. "Mun wuce ta ƙofar gida, Malam Maliki."

"Mun wuce."

Maidawa ne ya ce ai famfon ban-ruwa da kuran yake aiki, kuma a ɗakin famfon akwai inda manoma ke cajin waya. Maliki ya buɗe bayan mota, ya ɗaga shimfiɗa, ya samu igiyar caji a naɗe cikin jakarta. Mai gadin famfon ya yarda, bayan ya zagaya motar sau biyu.

"Wai motar miliyoyi za ta sha a inda 'yar wayata ke sha?" in ji Maidawa. "Malam, in ta ƙoshi a ba ta goro."

Sannu a hankali take sha. Awa ɗaya da rabi ta ƙara kilomita goma sha huɗu. Hajiya ta zauna a tabarma cikin matan da ke tsinke zogale, ta yi la'asar a nan. Maliki bai zauna ba. Yana tsaye yana kallon lambar tana hawa ɗaya bayan ɗaya.

Suka kamo hanya da gilashi a buɗe, kilim a kashe, ba ya wuce arba'in. 'Yan kabu-kabu suna wuce su. Wani ya leƙo ya ce, "Baba, ko a tura?" Suka shiga gareji da saura uku.

Idirisa yana tsakar gida, labari ya riga su zuwa. Maliki ya jona motar tukuna, sannan ya ajiye makulli a kan tabarma gaban Hajiya.

"To, Yaya, kin gani da idonki."

"Na gani. Na tambaye shi ko ta lalace, ya ce a'a." Ta tura makullin da yatsa ya koma wajen Maliki. "Gobe ƙarfe takwas. Kuma ka daina sanyaya mini mota, ba kifi ba ce ni."

Yana tuƙa ta har yau. Ya gano da kansa cewa gudu ya fi kaya cin kuran, rairayi kuma ya fi su duka. Ba ya fita in allo bai nuna ninki biyu na tafiyar ba. Idan suka je gaisuwa, yakan nemi inuwa ya ajiye motar a kashe, Hajiya ta fito ta shiga da zafinta, ta ce masa su tafi.