Baba Audi Tela da Waƙar Habboba Rifka

Bayan la'asar ne ranar Alhamis, zafin yini ya karye, iska mai ɗan sanyi tana tasowa daga tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. In ka ratsa ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla a irin wannan lokaci, za ka ga wani dogon tsoho ya rufe keken ɗinkinsa da tsohon zane, ya ɗauki tsintsiya ya nufi gindin darbejiya. Ba ya sauri. Zai share wurin tas, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tabarmi, na mata gefe guda na maza gefe guda, sa'annan ya zauna ya jira mutane. Baba Audi tela ke nan. Tun ba a haife ni ba yake wannan shara, kuma a watan nan ya ce ƙafa da murya sun gaza, ya ajiye tsintsiyar. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kansa da ɗan karatun da Allah ya ba ni, tun yana raye, a karanta masa ya ji.

Zaman Alhamis muke ce wa taron, ba shi da wani suna. Ba a gayyata, ba a kora. Mata su kawo turmi su yi waƙar daka, tsofaffi su ba da labarin yadda kakanninmu suka taso daga Sakkwato da ƙafa za su Makka, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Samari su yi wasan kwaikwayo, su kwaikwayi mai gadin ruwa da yaran motar Sinnar har mutane su riƙe ciki. Maƙwabtanmu Larabawa ma sukan zo, su sha jabana, wato gahawarmu ta nan, su yi dariya a inda suka ga ana dariya.

Doka ɗaya ce a wurin: in ka hau tabarma, Hausa za ka yi. Wanda Larabci ya suɓuce masa, shi zai daka bunnu, ƙwayar gahawar da ake jabana da ita. Mu kuwa 'yan yanzu Larabci ya fi zama a bakinmu, don haka turmin bai taɓa rasa mai daka ba. Ni kaina na daka har tafin hannuna ya yi kanta. Wata rana shi mai dokar da kansa ya gama ba da labari ya ce "kalas", wato "shi ke nan" da Larabci. Jikarsa Rayan, wadda yake kira amaryarsa, ta miƙe ta nuna masa turmi.

"Tsohon miji, ga wurinka can."

Ya ce wai shi tsufa ne ya faɗi, ba shi ba. Ta ce to su tashi su daka tare, shi da tsufan. Haka ya tashi ya daka, mata suna yi masa waƙa.

Mun daɗe ba mu san abin da ya sa tela ya ɗora wa kansa wannan aiki ba. Sai wata rana ya ba mu labarin da bakinsa. Ya ce yana saurayi ya yi ɗinki a birnin Madani, a shagon yadi na wani Bayahude, lokacin da akwai su a garin. A bayan shagon akwai wata tsohuwa, uwar matar mai shagon, ana ce mata Habboba Rifka, habboba kuwa kaka ke nan da Larabcinmu na nan. Daga ƙasashen Turai aka kawo ta bayan babban yaƙi, inda aka kashe kusan duk danginta. Ba ta jin Larabci. Harshenta dabam ne, kuma jikokinta ba sa jin sa. In ta yi musu magana sai su amsa da Larabci su ruga waje. 'Yarta ma kalma ɗaya biyu take mayar mata, tana sauri.

To sai tsohuwar ta riƙa jawo kujera kusa da kekensa, tana ɗinka masa maɓallai, tana rera wata waƙa guda ɗaya kullum. Yana taka keke, waƙar tana shiga kansa. Ran nan bai sani ba sai ya ji bakinsa yana rera ta. Ya ce gwangwanin maɓallan ya suɓuce daga hannunta, suka warwatse a ƙasa, ta tsaya tana kallonsa hawaye na zuba. Daga ranar ta sa shi gaba. Ta faɗi kalma ya maimaita, in ya karkace ta buge masa hannu da awon ɗinki, in ya daidaita ta ba shi shayi da ƙwayar sukari. Ba ta iya gaya masa ma'anar waƙar ba, shi ma bai iya tambaya ba. A Madani ta rasu, ba a daɗe ba iyalan suka bar ƙasar.

Ya dawo ƙauye, ya yi aure, ya haihu. Wata rana ya ji mahaifiyarsa ta kira ɗansa da Hausa, yaron ya amsa da Larabci ya ruga waje. Ya ce a take ya ga Habboba Rifka zaune a kujerarta. Alhamis ɗin da ta biyo baya ya ɗauki tsintsiya.

Ita kuwa waƙar ya riƙe ta. Bai taɓa rera ta a zaman Alhamis ba, sai a kan keke, shi kaɗai. Amana yake ce mata. Ya ce tsohuwar ba don ya ji daɗi ta koya masa ba, ba ta sami wanda za ta bar wa ba ne, kuma abin da aka ba ka ajiya sai ka mayar wa masu shi. Sai dai ina masu shi? Bai ma san sunan harshen ba.

Da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira muka watse kamar kowa. Mu da iyalansa muka sauka a wata makaranta a garin Gadarif, gida biyar a aji ɗaya. Alhamis ta farko, mutane suna kwance kowa da abin da ya dame shi, sai ga Baba Audi ya aro tsintsiya yana share tsakar makarantar. Wasu suka ce tsohon ya taɓu. Bai kula su ba, ya share, ya yayyafa ruwa, ya zauna. Yara ne suka fara zuwa. Daga baya Inna Fatsuma, wadda ɗanta Ibrahim ya ɓace a hanya ba a ji labarinsa ba, ta fito da kwano a maimakon turmi ta fara bugawa. Ran nan na ji matan ƙauyenmu sun yi dariya, karo na farko tun barinmu gida.

A can ne ciwon ƙirji ya kama Baba Audi. Ya tashi, amma muryar ba ta dawo daidai ba, sai ta riƙa yankewa a tsakiyar magana. Abin ya tsorata shi fiye da ciwon. Wata safiya ya kira Rayan, wadda take karatun jinya kafin yaƙin, ya ce ta kawo wayarta. Ina wurin. Ya zauna, ya riƙa taka ƙasa da ƙafa kamar yana kan keke, ya rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, yana tsayawa yana shan ruwa. Da ya gama ya ce:

"Amarya, ki nemo mini masu ita. In na tafi da ita kabari, na ci amanar tsohuwar nan."

Rayan ta yi ƙoƙari. Duk inda ta ji akwai sabis sai ta je ta tsaya. Ta gano harshen sunansa Yidish, na Yahudawan Turai ne, kuma masu jin sa sun ragu ƙwarai. Ta kuma gano wata cibiya a ƙasar waje inda suke shirya wa jama'a waƙoƙi da wasan kwaikwayo da ajin koyon harshen, kowa na iya shiga, ko ba nasu ba ne. Da ta gaya wa Baba Audi ya yi dariya har da tari, ya ce ashe su ma zaman Alhamis gare su, sai dai nasu yana da rufi. Ta aika musu muryarsa da labarin Habboba Rifka. Shiru. Damina ta wuce, shiru. Kullum da safe zai tambaye ta, ta girgiza kai, ya ce to.

Sai da hanya ta buɗe muka dawo gida, muka tarar da ƙofofi a ɓalle amma darbejiya tana nan, sa'annan amsa ta zo. Hoto ne mai motsi, da dogon bayani. Baba Audi ya ce ba zai kalla shi kaɗai ba, sai a zaman Alhamis, gaban kowa.

Nan aka sami saɓani. Tahir, mai gyaran kekuna, mutum mai zuciya amma ba mugu ba, ya tare shi bayan sallar azahar. Ya ce shi bai yarda a sa waƙar Yahudawa a dandalin ƙauye ba, alhali kowa yana ganin abin da ake yi wa mutane a Gaza. Wasu suka goyi bayansa, har aka fara cewa in an sa waƙar ba za su ƙara barin matansu su zo zaman ba. Baba Audi ya saurare shi har ya gama, sa'annan ya ce:

"Ɗana, abin da ke ƙona ka yana ƙona ni. Amma ni tsohuwa na sani, wadda aka kashe mata dangi ta gudo, kamar yadda muka gudu Gadarif. Ba ta taɓa kowa ba. Maɓallai ta ɗinka mini."

Liman yana wurin, ya ce a iya saninsa amana ana mayar wa mai ita ko wane ne. Tahir ya hau kekensa ya tafi, bai ce ya yarda ba.

Alhamis ta zo, wurin ya cika, har da waɗanda suka ce ba za su zo ba. Rayan ta haɗa wayar da amsa-kuwwar makarantar allo, ta ɗaga ta sama, muka matsu muna leƙe. Wani babban zaure ne cike da mutane, tsofaffi da matasa. Abin da aka fara sa musu shi ne muryar Baba Audi, da tarinsa da komai, suna zaune tsit. Sai wata budurwa ta tashi ta ɗauki waƙar, sannu a hankali zauren duka ya kama. Rayan ta karanto mana bayanin. Sun ce ba su da waƙar a cikin abin da suka tara, wani tsoho ne kaɗai a cikinsu ya tuna kakarsa tana rera mai kama da ita. Sun ce yanzu suna koya wa masu zuwa ajinsu ita, da sunan Rifka da sunan Audi. Ma'anarta kuwa: uwa ce tsaye a bakin ƙofa da yamma, tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya su shigo gida, miya tana hucewa, kuma ba za ta sa sakata ba sai na ƙarshe ya shigo.

Sai Inna Fatsuma ta ce, a hankali, ita ma tun da muka dawo ba ta sa sakata ba. Ta ɗauki taɓarya, ta bi karin waƙar da Hausa, ta kira Ibrahim. Sauran mata suka amsa mata, kowace tana sa sunan nata da bai dawo ba tukuna. Rayan ta ɗauki wannan ma ta aika wa mutanen can. Na duba Baba Audi, yana zaune hannunsa a kan gwiwa, ƙafarsa tana taka keken da babu shi. Da aka gama ya ce, "Alhamdulillahi, na sauke." Tahir yana can bakin tur'a riƙe da kekensa, bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Baba Audi, kai ne ka ga tsohuwa baƙuwa tana magana ba mai amsa mata, ka amsa. Kai ne ka hana kakanninmu zama irin wannan zaman a cikin gidajensu. Yau in na zauna da kakata muna hira har shayi ya huce, kuma na san a gindin darbejiyarka na sami bakin. Ba a taɓa ba ka takardar yabo ba, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Mun gode, Audi na Alhamis. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya dawo wa Inna Fatsuma da ɗanta.

Ku kuma 'yan'uwana na Mai Wurno da Rufa'a da ƙauyukan Damazin, abin ba ya son komai sai inuwa da tabarma. In akwai tsohuwa a gidanku da take magana kuna amsa mata da Larabci kuna wucewa, ku ɗan zauna. Ku bari ta gyara muku baki.

Rayan ce ta karɓi zaman yanzu, amma tana aiki a wani ɗakin shan magani a Hajj Abdalla, ba ta isowa da wuri. Alhamis ɗin da ta wuce ina dawowa daga gona na hangi mutum a gindin darbejiya yana shara, kekensa a jingine. Tahir ne. Ya share, ya ɗebo ruwa daga tur'a ya yayyafa, ya hau kekensa ya bi ta bayan gari. Jim kaɗan Baba Audi ya iso yana dogara sanda. Ya dubi ƙasar, ya dubi sawun tayar keke a kan jiƙaƙƙen wurin. Bai tambayi kowa ba. Ya zauna ya jira mutane.