Saƙon Ruwan da Bai Kai Taloka Ba

Lokacin da nike sakataren ƙungiyar manoman rani a Goronyo, wani ɗan kwangila ya girka muna manhajar kyauta a kwamfutar ofis. Aikinta ta jera saƙonnin ranar sakin ruwa, ta riƙe su har sabis ya dawo, sannan ta tura wa manoma a waya.

Ni kuwa kullum in zan tashi sai in kashe kwamfutar kamar rediyo, don batirin sola ya huta. Ashe gwanin bai saita ta ta adana saƙo ba. Duk abin da ke layi, da kashewa ya ɓace.

Manoman ƙauyen Taloka ba su ji ranarsu ta ruwa ba, albasarsu ta ƙone. Da na kira ɗan kwangilar ya ce, "Baba, mi ya kai hannunka wurin?"

Na ce, "Kai mi ya hana ka gaya min?"

Ya zo yana ƙamshin turare, ya gyara saitin, ya koma bai taka gonar kowa ba. Har yau ban ga girmansa ba. Ni na tafi Taloka ban haƙuri. Wasu sunka karɓa, wasu ko gaisuwata ba su amsa ba.