Shamuwar da Bappa Ya Ɗora

"Riƙe mata baki, kada ta cire mini ido," in ji Bappa Hammajo, ƙanen surukina, yana feƙe sillen kara.

Shamuwa ce a cinyata. Iskar ruwan farko ta kakkaɓo ta daga kan tsamiyar gidanmu a Demsawo, ƙafa ta karye. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, ina goyon fari.

Bappa maɗori ne, har daga Girei ake tsallako kogi a kawo masa masu karaya. Ya ɗaure ƙafar tsaf, ya tofa addu'a kamar yadda yake yi wa mutane.

Sati uku ina bin ciyawa ina kamo mata fara. Da ta soma takawa, mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa na nemo igiya.

Na durƙusa na ce, "Bappa, a ɗaure ta mana, ta zama tamu."

Ya ce, "'Yata, wa kika taɓa ganin na ɗora na hana shi komawa gida?"

Kunya ta kama ni, na ajiye igiyar. Da kaka ta bi 'yan'uwanta.

Bazara ta zagayo, ina shara sai ga shamuwa ta sauka tsakar gida tana ɗingishi. Na yar da tsintsiya na rangaɗa guɗa. Bappa ya leƙo, ya dubi ƙafar, ya yi murmushi.

"Ta zo a duba ɗori ne. Ku fito da iri, ruwa ya kusa."

Yau na ga shamuwar farko ta bana, sai da na dubi ƙafarta. Ku fa, wace dabba ta taɓa dawo muku da gaisuwa?