Gurguwar Tukubar Baba Altine

Shekara ashirin da ɗoriya ina walda a Bodinga, baya ya sage, ido ya gaji, amma har gobe ban manta da ranar da Murtala ya sauke tukubar mahaifinsa a ƙofar shagona ba. Rabin durom ce mai ƙafa huɗu, samanta rabi raga, rabi fallen ƙarfe inda ake ɗora nama mai kitse. Tsatsa ta gama cin ta.

Mahaifin, Baba Altine, mai balangu ne a Shagari, idonsa ya yi rauni. 'Ya'yansa sun ce in ya sake ƙona nama, sana'a ta ƙare, gida zai zauna. Murtala kaɗai ya tsaya masa, a ganinsa laifin tsohuwar tukuba ne.

Na yi aikin yadda aka koya mani. Na kankare ta da burushin ƙarfe, na bi da samfefa, na shafa fenti mai jure wuta a waje kawai, don in aka shafa a ciki nama zai ɗauki wari. Na ga ƙafa ɗaya ta gaza sauran da yatsa uku, na ƙara mata ƙarfe. Na ga huda a kusurwar fallen, na liƙe. Kwana uku na ɓata, har da yabon kaina.

Ashe gurguntar da gangan ce. Tukubar karkata take yi, kitse ya gangara ta hudar ya sauka a gwangwani. Da na daidaita ta, ranar kasuwa kitsen ya taru ya malala cikin garwashi. Wuta ta tashi, tsoho bai gani ba sai da ya ji ta a hannu. Rabin rago ya ƙone ƙurmus.

Da labari ya iso ni, na hau mota zuwa Shagari. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya yi. Ya shafa ƙafar da na ƙara da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ɗana, mi kay yi mata? Ita ce idona."

Na yanke ƙafar, na sake huda fallen, amma 'ya'yan sun riga sun yanke hukunci. Tukubar tana nan a zaurensu, fenti na ƙyalli, albasa ake zubawa a ciki.

Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, in an kawo muku abu a karkace, kada ku taɓa shi sai kun ji daga bakin mai aiki da shi. Ni kuwa ɗan aike kawai na tambaya, wato Murtala, ban nemi mai tukubar ba.